Faɗaɗa wasan kurket a duniya da makomar tsofaffin ƙasashensa

Faɗaɗa wasan kurket a duniya shi ne ƙoƙarin da Hukumar Kurket ta Duniya, wato ICC, take yi na kai wasan ƙasashen da ba su gaje shi ba, irin su Amurka da Nepal da Italiya da Najeriya. Wannan ƙoƙari ya zo daidai lokacin da wasu ƙasashen da suka daɗe a wasan, kamar West Indies da Zimbabwe, suke fama da ƙarancin kuɗi da ficewar manyan 'yan wasansu zuwa gasannin kulob. Muhawarar da ake yi a kai ta ta'allaƙa ne ga abu uku: yadda ake raba kuɗin da hukumar take samu, da yawan guraben da ake ba ƙasashe a gasar kofin duniya, da kuma yadda ake tsara jadawalin wasanni na shekara.

Ko da yake ana yawan kallon batun a matsayin takara tsakanin sababbin ƙasashe da tsofaffi, alkaluman rabon kuɗi sun nuna cewa babban giɓin yana tsakanin hukumomi uku masu arziki, na Indiya da Ingila da Ostareliya, da sauran mambobi baki ɗaya, sababbi da tsofaffi.

Tarihi

Wasan kurket ya samo asali ne a kudancin Ingila, kuma ya bi mulkin mallakar Birtaniya zuwa kudancin Asiya da Ostareliya da kudancin Afirka da tsibiran Karebiya. Wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa an buga shi a birnin New York a shekarar 1844, tsakanin Amurka da Kanada. Wasan Tes na farko kuwa an yi shi a Melbourne a watan Maris na 1877, tsakanin Ostareliya da Ingila.

A shekarar 1909 wakilan Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu suka kafa hukumar da ta zama ICC a yau. A lokacin ƙasashen daular Birtaniya kaɗai ke iya shiga, don haka aka bar Amurka a waje duk da daɗewarta a wasan. An karɓi West Indies da New Zealand da Indiya a 1926, Pakistan kuma a 1952. Sai a 1965 aka buɗe ƙofa ga ƙasashen da ba sa buga Tes, aka ƙirƙiro musu matsayin ƙaramin mamba. Hukumar ta ɗauki sunanta na yanzu a 1989, ta kuma mayar da hedkwatarta daga filin Lord's na Landan zuwa Dubai a 2005.

Nau'o'in wasan

Ana buga kurket na ƙasa da ƙasa ta siga uku, kuma bambancinsu yana da muhimmanci wajen fahimtar wannan muhawara.

Tes shi ne mafi daɗewa. Yana iya ɗaukar kwana biyar, kowace ƙungiya tana da zagaye biyu na bugu. Masu bin wasan da yawa suna ɗaukarsa a matsayin ma'aunin ƙwarewa, amma shi ya fi cin kuɗi wajen shiryawa.

Wasan yini ɗaya yana da oba 50 ga kowace ƙungiya. Oba ɗaya jifa shida ce. Da wannan siga ake buga babban kofin duniya tun 1975, ko da yake gasannin farko oba 60 aka yi.

T20 yana da oba 20 ga kowace ƙungiya, ana gama shi cikin kimanin awa uku. An fara shi a gasar cikin gida ta Ingila a 2003, aka yi kofin duniyarsa na farko a Afirka ta Kudu a 2007, Indiya ta ci. Shi ne sigar da ICC take amfani da ita wajen shiga sababbin ƙasashe, saboda sauƙin kuɗi da gajeren lokaci.

Matakan zama mamba

Mambobin ICC kashi biyu ne. Akwai cikakkun mambobi 12, waɗanda su kaɗai ke da izinin buga Tes na maza, sai ƙananan mambobi fiye da 90. Cikakkun mambobin, da shekarar da kowacce ta fara buga Tes, su ne:

Ingila, 1877
Ostareliya, 1877
Afirka ta Kudu, 1889
West Indies, 1928
New Zealand, 1930
Indiya, 1932
Pakistan, 1952
Sri Lanka, 1982
Zimbabwe, 1992
Bangladesh, 2000
Ireland, 2018
Afganistan, 2018

Kowane cikakken mamba yana da kujera a majalisar gudanarwar hukumar, su kuwa ƙananan mambobi duka wakilai uku ne ke tsaya musu. Saboda haka duk wani ƙarin kaso ga ƙananan ƙasashe sai ya samu amincewar waɗanda za a rage wa nasu. Rahoton da Lord Woolf ya gabatar a 2012 bisa buƙatar hukumar ya ba da shawarar a sauya wannan tsari, a ƙara daraktoci masu zaman kansu, amma ba a aiwatar da yawancin shawarwarinsa ba.

A 2018 hukumar ta yanke cewa duk wasan T20 da aka buga tsakanin mambobinta biyu za a lissafa shi a matsayin cikakken wasan ƙasa da ƙasa. Hukuncin ya fara aiki ga mata a watan Yulin 2018, ga maza kuma a watan Janairun 2019. Wannan ya sa ƙasashe da dama suka shiga jadawalin darajar duniya a karon farko.

Rabon kuɗi

Kuɗin kurket na ƙasa da ƙasa yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce gasannin ICC, inda hukumar take sayar da haƙƙin nuna wasa a talabijin ta raba wa mambobi. Ta biyu ita ce ziyarar da ƙasa take kai wa ƙasa. A nan mai masauki ne ke riƙe kuɗin talabijin da na tikiti da na talla.

Kasuwar Indiya ce ke samar da mafi yawan kuɗin hanyar farko. Haƙƙin nuna gasannin ICC a Indiya kaɗai daga 2024 zuwa 2027 an sayar da shi kan kimanin dala biliyan 3. Wannan ne hujjar da hukumar kurket ta Indiya, BCCI, take kafawa da ita wajen neman kaso mafi girma.

A 2014 hukumomin Indiya da Ingila da Ostareliya suka kawo wani tsari da ya ba su manyan kujerun kwamitocin ICC da kaso mafi tsoka. An soke yawancinsa a 2017 a zamanin shugabancin Shashank Manohar, wanda shi kansa tsohon shugaban BCCI ne. A rabon da aka amince da shi a wannan shekara, na tsawon shekara takwas, Indiya ta samu dala miliyan 405, Ingila miliyan 139, ƙasashe bakwai miliyan 128 kowacce, Zimbabwe miliyan 94, ƙananan mambobi kuma dala miliyan 240 a tsakaninsu.

A watan Yulin 2023, a taron Durban, aka amince da sabon rabo na 2024 zuwa 2027. Daga cikin kimanin dala miliyan 600 da ake sa ran rabawa duk shekara, Indiya tana karɓar kusan kashi 38.5 cikin ɗari, wato wajen dala miliyan 230. Ingila tana da kusan kashi 7, Ostareliya kashi 6 da ɗoriya, Pakistan ƙasa da kashi 6. Ƙananan mambobi su fiye da 90 suna raba kimanin kashi 11.

Masu goyon bayan tsarin suna cewa kowace ƙasa ta samu ƙari a kan abin da take karɓa a da, tunda jimillar kuɗin ta ƙaru, kuma ba adalci ba ne a hana ƙasar da ta kawo kuɗin kaso mai tsoka. Masu suka kuwa suna cewa Indiya da Ingila da Ostareliya suna da manyan kasuwannin cikin gida, ba kuɗin ICC suka dogara da shi ba, alhali hukumomi irin na West Indies da Zimbabwe da Sri Lanka da shi suke biyan albashi da gudanar da gasannin matasa.

Hanya ta biyu ma tana fifita manyan kasuwanni. Idan West Indies ta kai ziyara Ostareliya, kuɗin talabijin na mai masauki ne. Idan kuma ita ce ta karɓi baƙi, sai baƙin su zama Indiya ko Ingila kafin ta ga riba. Da yawan hukumomi suna yin asara a duk wasan Tes da suka shirya da ƙasar da ba ta cikin manyan ukun, shi ya sa suke taƙaita jerin wasanninsu zuwa Tes biyu, yayin da manyan ukun suke buga biyar-biyar a tsakaninsu.

Gurabe a kofin duniya

Yawan ƙasashen da ke shiga kofin duniya na yini ɗaya ya sha hawa da sauka. An fara da takwas a 1975, ciki har da Sri Lanka da haɗaɗɗiyar ƙungiyar Gabashin Afirka, waɗanda ba cikakkun mambobi ba ne a lokacin. Ya kai 12 a 1996, 14 a 2003, 16 a 2007.

Gasar 2007 da aka yi a Karebiya ta sauya tunanin masu shiryawa. An raba ƙasashen rukuni-rukuni na huɗu. Bangladesh ta doke Indiya, Ireland ta doke Pakistan, manyan ƙasashen biyu suka fita bayan wasa uku kacal. Ficewar Indiya da wuri ta rage masu kallo ƙwarai, ta jawo wa masu talla da gidajen talabijin asara. Bayan haka aka koma ƙasa 14 a 2011 da 2015, sannan 10 a 2019 da 2023, da tsarin da kowace ƙungiya take karawa da kowacce, wanda ya tabbatar wa Indiya aƙalla wasa tara.

Ƙananan ƙasashe sun yi suka sosai a kan ragin, suna kafa hujja da nasarorin da suka samu. Kenya ta doke West Indies a 1996, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2003. Ireland ta doke Ingila a Bangalore a 2011, inda Kevin O'Brien ya ci maki ɗari a jifa 50. Ragin ya shafi tsofaffin ƙasashe su ma. Zimbabwe da Ireland ba su samu shiga gasar 2019 ba, duk da kasancewarsu cikakkun mambobi, West Indies kuma da ƙyar ta tsallake bayan ta doke Scotland da maki biyar a wasan da ruwan sama ya katse. An tsara gasar 2027, wadda Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Namibiya za su karɓa, da ƙasa 14.

Kofin duniya na T20 ya bi akasin wannan hanya. A 2024 an faɗaɗa shi zuwa ƙasa 20, West Indies da Amurka suka karɓi baƙunci. Amurka ta doke Pakistan a kusa da Dallas, Uganda ta shiga a karon farko, Afganistan ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Italiya ta samu gurbin gasar 2026 a karon farko a tarihinta.

Gasannin kulob

Gasar IPL ta Indiya ta fara a 2008. An sayar da haƙƙin nuna ta na 2023 zuwa 2027 kan fiye da dala biliyan 6, abin da ya sa ta shiga sahun gasannin wasanni mafi tsada a duniya. Tana ɗaukar wajen wata biyu, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, kuma wasannin ƙasa da ƙasa kaɗan ake sa wa a wannan lokaci.

Wasu ƙasashe sun kafa nasu, kamar CPL a Karebiya a 2013. A 2023 kaɗai aka buɗe SA20 a Afirka ta Kudu, da ILT20 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da MLC a Amurka. Duka ƙungiyoyi shida na SA20 mallakar masu kulob-kulob ɗin IPL ne, kuma waɗannan kamfanoni suna da ƙungiyoyi a Karebiya da Amurka da Dubai.

Gasannin sun taimaka wajen faɗaɗa wasan, domin sun kai shi sababbin birane, sun kuma ba 'yan wasan ƙananan ƙasashe hanyar samun kuɗi. Rashid Khan na Afganistan ya yi suna a duniya ne ta IPL. Amma sun zama ƙalubale ga hukumomin da ba za su iya biyan irin wannan albashi ba. Trent Boult ya ajiye kwantiraginsa da hukumar New Zealand a 2022 don ya samu damar buga gasannin kulob. A watan Yunin 2025 Nicholas Pooran na West Indies ya daina buga wa ƙasa yana ɗan shekara 29, Heinrich Klaasen na Afirka ta Kudu ma ya daina a wannan wata. Indiya ba ta fuskanci wannan matsala ba, domin BCCI ba ta barin 'yan wasanta maza masu ci su buga gasannin ƙasashen waje.

Halin da tsofaffin ƙasashe ke ciki

West Indies

West Indies ba ƙasa ɗaya ba ce. Ƙungiya ce ta haɗin gwiwar ƙasashe da yankuna wajen 15 na Karebiya masu magana da Ingilishi galibi, ciki har da Jamaika da Barbados da Guyana da Trinidad da Tobago. Ita ta ci kofin duniya biyu na farko, a 1975 da 1979, kuma daga 1980 zuwa 1995 ba a doke ta a jerin wasannin Tes ko sau ɗaya ba. 'Yan wasa irin su Clive Lloyd da Viv Richards da Malcolm Marshall sun mayar da ita abin alfahari ga al'ummomin da ba su daɗe da samun 'yanci ba.

Tun daga tsakiyar shekarun 1990 ƙarfinta ya ragu. Yawan jama'ar yankin kaɗan ne, kasuwar talabijin ƙarama ce, kuma ko gasar cikin gida sai an hau jirgin sama daga tsibiri zuwa tsibiri. An sha samun saɓani tsakanin hukuma da 'yan wasa a kan albashi, har ƙungiyar ta katse ziyararta a Indiya a 2014. Ta ci kofin duniya na T20 a 2012 da 2016, amma ta kasa samun gurbin kofin duniya na yini ɗaya na 2023, bayan Zimbabwe da Holan da Scotland sun doke ta a wasannin share fage. A watan Janairun 2024 ta doke Ostareliya a Brisbane, inda Shamar Joseph ya fitar da 'yan bugu bakwai a zagaye na ƙarshe. A watan Yulin 2025 kuma Ostareliya ta fitar da ita gaba ɗaya da maki 27 a Kingston, adadi na biyu mafi ƙanƙanta a tarihin Tes.

Afirka ta Kudu

An ware Afirka ta Kudu daga wasannin duniya daga 1970 zuwa 1991 saboda mulkin wariyar launin fata. Bayan dawowarta ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi, amma hukumarta ta shiga matsin kuɗi, ta ɗora fatanta a kan SA20. A watan Fabrairun 2024 jadawalin gasar ya ci karo da ziyarar Tes a New Zealand. Hukumar ta bar manyan 'yan wasa a gida, ta tura ƙungiyar da kyaftin ɗinta, Neil Brand, bai taɓa buga Tes ba, aka doke su a wasannin biyu. Duk da haka a watan Yunin 2025 Afirka ta Kudu ta ci gasar zakarun Tes ta duniya a filin Lord's, ƙarƙashin Temba Bavuma. A zangon da ya kai ta ga kofin ta buga Tes 12 ne kawai, Ingila kuwa 22.

Zimbabwe

Zimbabwe ta yi ƙarfi a ƙarshen shekarun 1990, amma rikicin siyasa da na shugabancin hukuma ya sa manyan 'yan wasanta suka fice. Ta daina buga Tes bayan 2005, ba ta dawo ba sai 2011. ICC ta dakatar da ita na wasu watanni a 2019 saboda katsalandan na gwamnati. Ba ta cikin ƙasashe tara da ke buga gasar zakarun Tes da aka fara a 2019, haka ma Ireland da Afganistan. Wasan da ta buga da Ingila a Nottingham a watan Mayun 2025 shi ne Tes na farko tsakaninsu tun 2003.

Pakistan da Sri Lanka

Bayan harin da aka kai wa tawagar Sri Lanka a Lahore a 2009, Pakistan ta shafe shekara goma ba ta karɓi wasan Tes a gida ba, galibi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa take buga wasanninta. Ba ta buga Tes da Indiya ba tun 2007 saboda dangantakar siyasa, don haka ta rasa jerin wasannin da ya fi kowanne kawo mata kuɗi. Sri Lanka, wadda ta ci kofin duniya a 1996, an dakatar da ita daga Nuwamban 2023 zuwa Janairun 2024 saboda katsalandan na gwamnati.

Sababbin ƙasashe

Afganistan ce misalin da ake yawan bayarwa na nasarar faɗaɗawa. 'Yan gudun hijirar ƙasar sun koyi wasan a sansanonin Pakistan, hukumarta ta shiga ICC a 2001, ta zama cikakken mamba a 2017. Tana karɓar baƙinta a Indiya ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tun dawowar Taliban a 2021 ba ta da ƙungiyar mata a cikin gida, abin da ya sa Ostareliya ta soke wasanninta na ziyara da ita.

Ireland ta nuna cewa samun matsayin Tes ba ya warware matsalar kuɗi. Ta buga na farko da Pakistan a Malahide a watan Mayun 2018, amma sai a watan Yulin 2024 ta sake karɓar Tes a gida, da Zimbabwe a Belfast. Rashin filin dindindin yana tilasta mata kafa kujerun wucin gadi a duk babban wasa. Kafin ta samu matsayin, wasu fitattun 'yan wasanta sun koma Ingila, ciki har da Eoin Morgan, wanda ya jagoranci Ingila ta ci kofin duniya a 2019.

Kenya kuwa misali ce ta koma baya. Bayan nasararta ta 2003 ba ta samu wasanni da manyan ƙasashe a kai a kai ba, rikici ya dabaibaye hukumarta, ta rasa matsayin buga wasan yini ɗaya a 2014.

Amurka ita ce kasuwar da ICC ta fi sa wa ido, musamman saboda mazauna ƙasar 'yan asalin kudancin Asiya da Karebiya. An gina filin wucin gadi a kusa da New York don gasar 2024, inda Indiya da Pakistan suka kara. Sai dai shugabancin wasan a ƙasar bai daidaita ba: an kori tsohuwar hukumarta daga ICC a 2017, an dakatar da wadda ta gaje ta a watan Satumban 2025. Nepal kuma tana da ɗimbin 'yan kallo duk da ƙarancin kuɗi, ta kuma doke West Indies a jerin wasannin T20 a Sharjah a 2025.

A Afirka ta Yamma, Najeriya ta zama ƙaramin mamba da kanta a 2002. Ƙungiyarta ta maza 'yan ƙasa da shekara 19 ta je kofin duniya a 2020. Ta mata ta ci tagulla a Wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris na 2024, karon farko da aka sa kurket a wasannin. A watan Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu a kofin duniya na T20 a Malesiya.

Wasannin Olamfik

Sau ɗaya aka taɓa buga kurket a Olamfik, a Paris a 1900, tsakanin Birtaniya da Faransa. A watan Oktoban 2023, a taronsa na Mumbai, kwamitin Olamfik na duniya ya amince a dawo da shi a wasannin Los Angeles na 2028, da sigar T20, ƙungiya shida ta maza da shida ta mata. Amfanin wannan ga ƙananan ƙasashe shi ne gwamnatoci da yawa suna ware kuɗi ne ga wasannin da ke cikin Olamfik kawai. Ga West Indies kuwa akwai cikas, domin kowane tsibiri da tutarsa yake shiga Olamfik. A wasannin Kwamanwel na 2022 a Birmingham, Barbados ce ta wakilci yankin a gasar mata.

Shawarwarin da ake tattaunawa

Raba Tes gida biyu. An kawo shawarar a 2016 aka jingine ta, sannan ta sake tasowa a 2025, har ICC ta kafa kwamitin nazari a kai. Masu goyon baya suna cewa za a samu wasanni tsakanin tsara da tsara, kuma Zimbabwe da Ireland da Afganistan za su samu jadawali tabbatacce. Masu adawa, ciki har da Clive Lloyd, suna ganin ƙasashen rukuni na biyu za su rasa ziyarar Indiya da Ingila, wadda ita ce ke riƙe da hukumominsu.

Asusun tallafa wa Tes. An gabatar da shawarar a ware kuɗi don tabbatar da mafi ƙarancin ladan ɗan wasa a kowane Tes da kuma rage wa ƙananan hukumomi kuɗin tafiya.

Biyan baƙi. Hukumar Ingila ta amince ta biya Zimbabwe lada a kan ziyararta ta 2025, saɓanin al'adar da mai masauki yake riƙe komai.

Tes na kwana huɗu. Rage kwana ɗaya yana rage kuɗin shiryawa, yana kuma ba da damar buga wasa uku a lokacin da ake buga biyu. An gwada shi a wasu wasanni, ciki har da na Ingila da Zimbabwe a 2025.

Keɓe lokaci a jadawali. Ƙungiyoyin 'yan wasa sun nemi a ware wasu watanni na wasannin ƙasa da ƙasa, wasu kuma na gasannin kulob, don kada ɗan wasa ya zaɓi tsakanin ƙasarsa da abincinsa.

Duk waɗannan shawarwari sai sun bi ta majalisar gudanarwar ICC, wadda Jay Shah, tsohon sakataren BCCI, yake shugabanta tun watan Disamban 2024. Tsarin rabon kuɗi na yanzu da jadawalin ziyarce-ziyarce na maza duka za su ƙare a 2027.